Gayyar Masu Faci

Makalar wannan mako daga gare mu take, mu 'yan tsirarun wannan zaure da ke neman abinci da kwamfuta a Kano ta Kudu: masu shagon buga takardu, masu cike wa ɗalibai fom, da waɗanda suka fara rubuta manhaja. Za mu yi magana ne a kan faci, amma na manhaja, wanda masu sana'ar ma da wannan suna suke kiransa.

Duk wanda ya taɓa buga takardar Hausa ya san wannan ciwo. Za ka rubuta Kwanar Ɗangora daidai a kwamfutarka, ka tura wa wani, ya buɗe ya ga "ÆŠangora". Ka rubuta ƙasa, ta koma "Æ™asa". Wani shafin cike fom kuma da zarar ka saka lanƙwasa ko alamar da ke cikin 'Yar'aduwa sai ya ce sunan ba daidai ba ne. Mukan ba mutum shawara ya cire lanƙwasar don aiki ya wuce, sai Ɗanladi ya koma Danladi a takarda, alhali a wata takardar da lanƙwasarsa. Ranar da aka zo tantancewa, shi ne zai yi ta zarya yana rantsuwar cewa mutum ɗaya ne.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kwamfuta lamba ta sani, kowane harafi da lambarsa. Tsohon tsarin Amurka haruffa 128 kawai ya tanada, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a ciki. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba su gurbi, sannan a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar da kusan duk intanet ke ajiye rubutu da ita yau. A wannan tsari kowace lanƙwasa tamu gurbi biyu take ci, harafi kamar a ko b kuwa gurbi ɗaya. Manhajar da ba a koya mata haka ba sai ta raba ƙ gida biyu, ta nuna kowane ɓari a matsayin wani harafi dabam. Har a aljihu abin yana taɓa mu: saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma ka saka ƙ guda ɗaya, sai ya koma 70, a caje ka kuɗin saƙo biyu ko uku.

To me ya sa a yawancin wayoyi yanzu rubutun Hausa ke fita lafiya? Saboda masu rubuta manhaja ba sa fara komai daga tushe. Akwai rumbuna na haɗaka da kowa ke ɗiba, waɗanda aikinsu shi ne su sa manhaja ɗaya ta yi aiki iri ɗaya a kan na'urori mabambanta. Misali mai kyau shi ne Gnulib na shirin GNU. Linux da macOS da Windows da FreeBSD kowanne da halinsa: wani ya rasa wani aiki, wani yana da shi amma da kuskure. Maimakon kowane mai manhaja ya yi ta fama da waɗannan ramuka shi kaɗai, sai aka tara gyare-gyaren wuri guda, gunduwa-gunduwa, kowa ya kwafi wadda yake bukata. Manhajoji irin su grep da tar da Emacs duk daga nan suke sha. Cikin masu kula da shi akwai Bruno Haible da Paul Eggert da Jim Meyering. Shi Eggert ɗin kuma shi ne ke jagorantar kundin lokutan duniya, wanda ta cikinsa wayarka ta san cewa agogon Najeriya da na Nijar awa ɗaya suke gaban na Girinwic.

Yadda suke aiki shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalinmu. Wani zai gano matsala, ya bayyana na'urar da yake amfani da ita, da matakan da za a bi a ga matsalar. Idan yana da iko sai ya haɗa da faci, wato 'yan layukan da za a cire da waɗanda za a saka a madadinsu. Daga nan sai muhawara a bainar jama'a. Wani ya ce wannan gyara zai karya aiki a kan tsohuwar na'ura kaza. Wani ya ce ina gwajin da zai tabbatar matsalar ba za ta dawo ba? A mayar wa mai faci ya sake, wani lokaci sau uku ko huɗu, kafin a karɓa a rubuta dalilin gyaran a kundin tarihi. Faci mai layi biyar zai iya cin mako guda ana ja. Wanda bai saba ba zai ɗauka wulaƙanci ne. Amma abin da dubban manhajoji za su kwafa, dole a tankaɗe shi da kyau.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Madatsar Tiga tana nan a Bebeji tun 1974, aikin zamanin Audu Bako, ruwanta na bin kanal har Kadawa da Kura da Bunkure. Manomin da ke ƙarshen layi ya san cewa idan kacalla da yashi suka toshe hanya a sama, komai ƙoƙarinsa a gonarsa tumatir ba zai sha ruwa ba. Zai iya sayen injin ban ruwa ya ceci kansa na shekara ɗaya. Maganin da ke ɗorewa shi ne a fito gayya a yashe magudanar da kowa ke sha. A manhaja ma haka ne. Idan muka yi wa shafin makarantarmu dabara muka ɓoye matsalar ƙ, mun sayi inji ne. Idan muka kai rahoto ko faci can tushe, mun yashe kanal, har ɗan Maraɗi da ɗan Zangon Kumasi za su amfana ba tare da sun san mu ba.

Haɗarin barin gayya ga mutum ɗaya ya fito fili a watan Maris na 2024. Akwai wata ƙaramar manhaja ta matse fayil mai suna XZ da ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya daɗe yana ɗauke da ita a matsayin aikin sa kai, har ya gaji. Sai wani da ke amfani da sunan Jia Tan ya fara turo faci masu kyau, ya yi kusan shekara biyu yana samun yarda, har aka ba shi makulli. Daga nan ya dasa ɓoyayyar ƙofa da za ta ba ɓarayi damar shiga kwamfutocin mutane. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya gano, saboda ya lura shiga wata na'ura ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi ƙyalewa. Wannan ya nuna mana cewa mai duba facin wani yana da muhimmanci kamar mai rubuta shi, kuma rumbun da kowa ke ɗiba ba a zubawa, wata rana ɓera ne zai gaje shi.

Ina namu rabon? Akwai ilimin da ba wanda zai kawo shi sai mu. Kundin CLDR na ƙungiyar Unicode, wanda wayoyin Android da iPhone ke dogara da shi, shi ke ɗauke da sunayen ranaku da watanni na Hausa, da yadda ake jera kalmomi: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh da ts kowanne harafi mai zaman kansa. Injiniyan Jamus zai iya rubuta manhajar jerawa, amma ba zai ji a jikinsa ba cewa kafa da ƙafa ba abu ɗaya ba ne, ko cewa mu muna rubuta 'ya'ya, 'yan uwanmu na Nijar suna rubuta ƴaƴa. Idan mai harshe ya yi shiru, wanda ba ya jin harshen ne zai yanke hukunci, kuma ba laifinsa ba ne.

Don haka ga abin da muke roƙo. Na farko, mu daina cire lanƙwasa a rubutunmu na yau da kullum. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, saka shi ba ya cin minti biyu. Yawan amfani da haruffan shi ke tona asirin manhajar da ba ta iya su ba. Na biyu, idan ka ga rubutu ya lalace, kada ka tsaya a tsaki. Ɗauki hoto, rubuta sunan waya ko kwamfutar, da sunan manhajar, da ainihin kalmar da ka saka, ka ajiye a ƙarƙashin wannan makala, mu za mu tace mu kai inda ya dace. Na uku, ga ƙannenmu masu koyon rubuta manhaja a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa: duk abin da kuka gina, ku gwada shi da Ɗankadai da Ƙofar Mata da 'Yan Awaki da alamar ₦ kafin ku miƙa wa mai shi. Kuma ku riƙa karanta facin manya da muhawarar da aka yi a kansu, domin makaranta ce kyauta. Ranar da aka dawo muku da facinku da gyara, kada ku yi fushi, alama ce an karanta.

Mun san akwai matsalar wuta da tsadar data, kuma wannan aiki ba ya kawo kuɗi nan take. Amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Rahoto ɗaya mai kyau a wata daga wannan zaure ya fi ƙorafi ɗari.

Allah ya sa mu dace. Sai mun ji daga gare ku.