Daren da na ɗora wa gilashi laifin hannuna

Sana'ata ɗaukar hoto ce. Na yi shekaru a Sabha ina aiki a wani ɗan shago a unguwar Gurda, inda 'yan uwanmu na Nijar da Najeriya suke da yawa. Hoton fasfo, hoton biki, da hoton wanda ya taso daga Agadas ta Dirku da Gatrun yana so ya aika gida a ga ya sauka lafiya. Duk aikin rana ne ko na fitila, kuma kyamara ke yi mini rabinsa: in danna, ita ta nemo fuska ta daidaita da kanta. Wannan sabon ne ya ja ni na ci wa wani dattijo fuska ba da hakkinsa ba, abin da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

A Disamba na 2023 na ƙudura ɗaukar yayyafin taurarin da ake kira Jeminid. Kowace shekara, wajen 13 da 14 ga watan, duniya kan ratsa ƙurar da wani dutsen sararin sama mai suna Faiton ya bari a hanyarsa. Ƙurar ta shigo iskarmu ta ƙone, mu kuma mu ga kamar taurari ne ke tsinkewa. A shekarar an yi dace, wata ya ɓuya ranar 12, don haka babu abin da zai dusashe sama. Fitilun gari kawai za a guje wa. Na roƙi wani mai gonar dabino a kan hanyar Ubari ya bar mu mu kwana, na ɗauki yaron shagonmu, muka tafi bayan la'asar.

Shiri kam na yi shi. Kyamarata Canon 600D ce ta hannu, da gilashinta mai 18 zuwa 55, duka na saya wurin wani dattijo Ba'agadashe da ke gyaran kyamarori. Na kafa ta a kan ƙafa-uku, na danna ƙafafun cikin yashi har suka zauna. Na mai da ita kan M, wato in saita komai da kaina, na buɗe ƙofar haske iyakarta, wato 3.5, na sa ISO 3200. Tsawon buɗewa kuwa lissafi na yi. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka in ƙyauren kyamara ya daɗe a buɗe, tauraro zai ja layi. Masu wannan harka kan raba 500 da tsawon gilashi, kuma a irin kyamarata sai an fara ninka 18 da 1.6, abin da ya ba ni daƙiƙa 17. Na tsaya a 15. Na kashe maɓallin hana girgiza, na sa batir na biyu a aljihun ciki don sanyin hunturu na yankin yana shanye batir kafin ka ankara.

Saura saitin nisa. Na san kyamara ba ta iya nemo tauraro da kanta cikin duhu, sai na mai da gilashin kan MF, wato saiti da hannu. Daga nan na murɗa zoben saitin nisa har ya tsaya, a tunanina tunda taurari ne mafi nisa, ƙarshen zobe shi ne wurinsu. Na ɗauki ɗaya, na leƙa ɗan allon bayan kyamara mai inci 3, na ga ɗigo-ɗigon haske. Yaron ya ce, "Maigida, da ka ƙara girman hoton mu gani ko ya fita." Na ce masa, "Kai dai riƙe tocila." Daƙiƙa goma abin da ya faɗa zai ci. Girman kai ya hana ni, don ban so a ce yaron da na koya wa riƙon kyamara shi ke gyara mini.

Daren ya yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Kaza da 'ya'yanta na bisa kanmu, bayan ƙarfe ɗaya kuma taurarin suka dinga tsinkewa ta ko'ina, har muka daina ƙirga. Kyamara na ta aiki, hoto sama da 400.

Da safe na buɗe su a kwamfuta. Ko ɗaya bai fita ba. Kowane tauraro ya kumbura kamar ɗigon mai a kan ruwa, Kaza da 'ya'yanta sun cure wuri guda sun zama tabo. Ƙananan taurari kuwa sun ɓace gaba ɗaya, domin haskensu kaɗan ne, in ya bazu babu abin da ke saura. Ɗan allon nan ne ya rufe mini ido: a ƙanƙantarsa, ko kumburarren tauraro kamar ɗigo yake.

Asarar dare ɗaya mai sauƙi ce a kan abin da na yi bayanta. Ban zauna na binciki hannuna ba. Na ɗauki gilashin na nufi shagon dattijon, a gaban mutane na ce, "Baba, mataccen gilashi ka sayar mini, kuma ka sani." Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ka dawo bayan isha'i da kyamarar."

Muka hau soron gidansa muka jira Shi'ira ta fito, tauraruwar da ta fi kowace haske da dare, wadda aka ambaci sunanta a Suratun Najmi. Ya kunna allon gani-kai-tsaye, ya ƙara girma sau 10, ya murɗa zoben har ƙarshe yadda na yi. Sai ga kumburarren tabon nan nawa. Ya dawo da zoben baya kaɗan, bai kai faɗin farce ba, tabon ya tsuke ya zama kamar tsinin allura. Ya yanko salatif ya manne zoben. Ya bayyana mini cewa irin waɗannan gilasai da gangan ake ƙera su su ɗan wuce iyakar nisa, saboda zafi da sanyi na motsa kayan ciki, kuma injin saiti na buƙatar ɗan fili. Da rana ban taɓa lura ba tunda ba ni ke murɗawa ba. Gilashin lafiyarsa ƙalau.

Na ba shi haƙuri a kan soron, amma raina bai kwanta ba, don a bainar jama'a na zarge shi da ha'inci, shi kuwa amana ce jarinsa. Washegari na koma shagon daidai lokacin da mutane ke taruwa, na faɗa da bakina cewa kuskurena ne, kayansa ba su da aibi. Yaron ma na kira shi na ce ya fi ni gaskiya a daren. Yanzu in mun fita, shi ke duba saiti, kuma muna sake dubawa duk bayan awa guda ko in an taɓa gilashin.

A Disamba na 2024 na so in rama, sai aka yi daren da wata ya kusa cika, haskensa ya shanye sama. Ɗan uwa mai sha'awar wannan aiki, kafin ka bar kyamara ta yi ta ɗauka, buɗe hoton farko ka ƙara girmansa har ƙarshe ka dubi tauraro ɗaya. In kuma hoto ya lalace, gwada kayan a gaban idonka tukuna kafin ka je ƙofar wanda ya sayar maka.