Irin Rani Daban, Irin Damina Daban

Daga watan Yuni zuwa Agusta, kashin tumatir a faifan masu kayan miya na Gafasa yakan yi ta ƙanƙancewa. Kashin da a watan Fabrairu ake cika shi har da gyara, yanzu 'yan ƙwayoyi ne, wasu ma sun tsage ta wajen hanci. Matan gida sai su koma kan kauɗa da na leda. Amma zagaya bayan katanga, bakin juji ko inda ake watsa ruwan wanke-wanke, za ka tarar da tumatirin da ba wanda ya shuka yana tsaye cikin marka. 'Ya'yansa ƙanana ne, zagayayyu, ga ruwa ga tsami, ba za su jure kwando da mota har 'Yankaba ba. Duk da haka yana fure, furen kuma yana kamawa, a daidai lokacin da gonar wanda ya dasa ragowar irin rani take yaushi.

Irin da ke cika kasuwar Kwanar Gafan da hunturu, na manoman Kadawa da Kura, yawanci Roma ne da UC82B, wanda manoma ke kira UTC. A Jami'ar California ta Amurka aka samar da UC82B, domin wurin da iska take a bushe, dare da sanyi, ruwa kuma ta ƙasa ake ba shi. Hunturunmu ya yi masa daidai. Damina kuwa ta saɓa masa ta kowace fuska. Idan zafin rana ya haura digiri 35, ko dare ya ƙi hucewa, ga laima a iska, garin cikin fure yakan lalace ko ya danƙare, sai furen ya bushe ya faɗi. Shuka ta yi kore shar, ganye luf-luf, ba ɗa. Sannan duk saukar ruwa sai ya fantsama ƙasa a ganyen gindi, baƙin tabo ya fara hawa daga nan.

Wadda ta fi cin rai ita ce cutar yaushi. Da safe shuka lafiya lau, da azahar ta langaɓe, ganyenta bai ko sauya launi ba, ƙasa kuma a jiƙe take. Mutum ya yi ta feshi a banza, domin ƙwayar cutar a cikin ƙasa take, ta saiwa ta shiga ta toshe hanyar ruwa. Gane ta ba wuya. Yanke karan daga gindi, ka rataya bakin yankan cikin kofin gilashi mai ruwa garai-garai, kada ka motsa shi. Bayan 'yan mintoci, in ita ce, za ka ga wani farin zare yana tsiyayowa kamar an ɗiga madara. Wannan ba ta da magani a kanti. A wajen zaɓen iri ake tare ta.

Shi ya sa nake jin takaici in na ji manomi ya tsaya gaban mai shago a Gaya ya ce, "Alhaji, ba ni mai manyan 'ya'ya," yana nuna hoton jikin leda. Tambayar da za ta cece shi ita ce, "Alhaji, wanne ne ke riƙe fure da zafi, wanne ke jure yaushi?" Akwai su. Padma da Platinum na kamfanin East-West Seed, da Cobra na Technisem, don ƙasashen zafi da laima aka yi su, kuma suna da juriya ga wannan cuta. Cibiyar NIHORT, mai reshe a Bagauda, ita ma ta fitar da nata iri uku a 2023, HORTITOM 1, 2 da 3, kuma ina fatan ganin su a kantunan Gaya da Ajingi.

Masu alamar F1 suna da tsada, kuma aure aka yi musu, don haka ba a matse 'ya'yansu a ajiye iri. Wanda ya fito baɗi ba zai ɗauko uwarsa ba. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da kunya biyu ko uku na kowane iri gefe da gefe, ya ɗaga kunyar sosai, ya kafa sanda ya ɗaure shuka kada ganye ya kwanta a ƙasa. Yawancin ƙasar wannan yanki jigawa ce, ruwa ba ya kwana a kanta, wannan kuwa riba ce babba. Sai dai yashi gidan tsutsar saiwa ne, wadda ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle shuka ta tsumbure. Saboda haka a dasa a inda aka cire gero ko dawa bara, a guji inda aka yi attaruhu, tattasai ko gauta.