Kwanon Da Na Kasa Mayarwa

'Yar'uwa, ni haifaffiyar Gwandu ce, aure ya kai ni Kalgo. A shekarar 2014, bayan na yaye ɗana na uku, sai ƙishirwa ta addabe ni, kowane dare ina fita fitsari sau biyar ko shida, ga rama kamar wadda ake tatsa. Da na ga tururuwa na taruwa a inda na tsuguna, gabana ya faɗi. Aka gwada jinina a asibiti a Birnin Kebbi kafin in karya, lamba ta nuna 16. Likita ya ce in ta kai 7 a gwaji biyu, to ciwon sukari ne.

Maganin bai ba ni wahala ba, ƙwayar metformin ce safe da dare. Kunya ce ta kusa kashe ni. Ta yaya surukarki za ta aiko miki da malmalar tuwon shinkafa biyu da kunun zaƙi, ki mayar mata? A ƙasar shinkafa fa muke! Sai in cinye tas, in koma ɗaki ina haki.

Wata ranar kasuwa na ji mai magani da lasifika yana cewa kwalba uku ta raba mutum da sukari har abada. Na saya, na ajiye ƙwayoyina wata huɗu. Ƙaya ta soke ni a tafin ƙafa ban ma ji ba, domin ciwon yana kashe jijiyoyin ƙafa a hankali. Sai da gyambon ya fara wari. Sati uku na yi a gadon asibiti, Allah Ya sa ba a yanke yatsan ba.

A can Inna ta ji komai. Ta dube ni ta ce, "Haba ɗiyata! Ashe da hannuna nike ba ki guba, kika yi shiru?"

Yau allurar insulin nake yi. Kwalbar tana cikin leda a gindin randa, kan jiƙaƙƙen yashi, don zafi na lalata ta. Kowane dare ina duba tsakanin yatsuna da tocila. Inna kuwa in ta aiko, wake ne da kwaɗon zogale, sai tuwo ɗan dunƙulen hannu. Jiya ma ta haɗo da saƙo, wai kar in sake fita tsakar gida ba takalmi.