Fuskar Ƙanena

Ina makarantar tauhidi ƙanena ya fara zuwa gidan burkutu. Bai faɗa wa kowa ba, fuskarsa ce ta tona shi: kumatu sun kumbura, fata ta bushe, ga jan ido irin wanda Karin Magana 23 ya ambata. Giya tana sa yawan fitsari, ruwan jiki ya ragu. Mama kuwa, baiwar Allah, man shafawa take ta sayo masa. Ni na gane, amma na ja bakina, kada a ce ƙanen fasto mashayi ne. Sai da idonsa ya koma rawaya, likita ya ce hanta ce, sannan na zauna da shi. Ubangiji ya yi jinƙai, ya rayu.

Matasa, in kun ga ina duban fuskokinku bayan sujada, dalilin ke nan.