Tsatsa A Ikko: Yadda Muke Adana Bindigar Kakanmu

Duk ɗan Arewa da ya kwana biyu a Legas ya san cewa bayan tsadar haya da cunkoson motoci, akwai wata masifa da ba a cika maganarta ba, wato laima. Ka sayi sabon kwado yau, kafin damina ta fita ya ƙi buɗuwa. Ka rataye takalmin fata wata guda, ka tarar ya yi furfura. Mu da ke Ajegunle abin ya fi tsanani, domin muna maƙwabtaka da tashar jiragen ruwa ta Apapa, iskar da muke shaƙa tana ɗauke da gishirin teku, shi kuwa gishiri babban abokin tsatsa ne.

Mahaifina ɗan kasuwar goro ne. Yana sarowa a Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango saboda goro, musamman bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912. Tun ina ƙarami nake ganin yadda ake tattalin goro: a naɗe shi da ɗanyen ganye a cikin huhu, a riƙa buɗewa ana tsince mai tsutsa, ana canza ganye, don kada ya bushe. Wato a sana'ar gidanmu laima dukiya ce. Sai ga shi a cikin gida ɗaya muna da wani abu da laimar nan take ci kamar gara.

Abin nan kuwa bindigar kakanmu ce, irin ta maharba wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda ake kira adaka. Kakanmu maharbi ne a wani ƙauye a ƙasar Katsina. Da Allah Ya yi masa rasuwa aka raba gado, Baba, da yake shi ne babba, sai bindigar da wani takobi suka faɗo hannunsa. Bai kawo ta Legas ba sai da ya yi mata takarda, domin dokar makamai ta 1959 ta ce ko irin wannan bindigar sai da lasisin 'yan sanda. Ba a taɓa harba ta a nan ba, kuma babu ko ƙwayar albarushi a gidanmu. Amma ita kaɗai ce abin da ya rage mana na hannun tsohon. Ƙannena biyu da aka haifa a nan ba su san fuskarsa ba, sai dai bindigarsa.

Shekaru masu yawa ta yi a rataye a ɗakin soro a ƙauye ba ta yi komai ba. A can lokacin hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, abin da maharbi ke tsoro shi ne ƙota ta tsage don bushewa. A Legas kuwa yawancin watanni laimar tana kai kashi 80 ko fiye, ruwan sama kuma ya haura milimita 1,500 a shekara. Masana ƙarfe sun ce da zarar laima ta wuce kashi 60, tsatsa ta samu hanya, in da gishiri kuma tun kafin nan take farawa.

Saboda yara, Baba ya sayi tsohon akwatin ƙarfe mai makulli, irin wanda 'yan kasuwa ke kira sef. Mai sayarwar ya rantse masa cewa ko iska ba ta shiga. Bayan damina ɗaya aka buɗe, sai ga jan tsatsa ɗigo-ɗigo a jikin bututun, kunamar ta ƙage, takobin kuma ya manne a cikin kubensa. Ranar Baba bai ce komai ba, amma bai ci tuwon dare ba. Da labari ya je gida, ƙaninsa ya aiko cewa a mayar da kayan ƙauye tun Kurmi ba ta cinye su ba. Maganar ta yi wa Baba zafi, domin a ganinsa an ce ya kasa riƙe amana ne.

Da yake ni na yi sakandare, ni aka ɗora wa bincike. Abu na farko da na gane shi ne rufe akwati ba ya korar laima, kulle ta yake yi a ciki. Ka duba ledar fiya wata da aka ciro daga firji, yadda take zufa. Haka ƙarfe yake: ya yi sanyi da dare, da safe iska mai ɗumi da laima ta taɓa shi, sai raɓa ta kwanta a kansa. Ga kuma simintin ɗaki da ke tsotso ruwa daga ƙasa. Shi ma kube na fata yana riƙe laima, kuma sinadaran jima suna cin ƙarfe. Tsohon dattin albarushi da ya rage a cikin bututu yana jan ruwa daga iska. Hatta yatsun mutum, in ya taɓa ƙarfe bai goge ba, gishirin guminsa zai bar tambari.

Ga abin da muka yi. Mun ɗora akwatin a kan katako, muka janye shi daga jikin bango. Wannan ya yi mana rana a Yulin 2024, lokacin da aka wuni ana ruwa a Legas har ya shiga gidaje da yawa. Mun wanke cikin bututun da ruwan zafi, muka busar sosai, muka goge tsatsar a hankali, sannan muka shafa man keken ɗinki siriri da tsumma. Man ja da man gyaɗa ba su dace ba, suna yin danƙo su lalace. Takobin mun raba shi da kubensa, kowa da wurinsa.

Sai maganar busar da iskar cikin akwatin. A Amurka da Turai masu bindigogi kan sa wani sandan lantarki da ke ɗan ɗumama akwati don raɓa ta kasa kwanciya. Dabara ce mai kyau, amma a unguwar da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, ba abin dogaro ba ne. Abin da ya karɓe mu shi ne silika, wato ƙananan ƙwayoyin nan da ake samu a ƙulle cikin kwalin sabon takalmi ko na rediyo. Tana iya shan ruwa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinta. Akwai mai canza launi idan ta ƙoshi, daga shuɗi zuwa ja-ja. Sai a gasa ta a wuta marar ƙarfi, kamar digiri 120, ruwan ya fita, a mayar da ita. Mun kuma sayi ɗan ma'aunin laima mai batir, muna ƙoƙarin kada ya wuce 50. Ba ma so ya yi ƙasa sosai kuma, don kada ƙotar ta tsage.

Amma duk waɗannan ba su kai abu ɗaya muhimmanci ba, wato buɗewa a duba. Yanzu Juma'ar farko ta kowane wata, bayan an sauko daga masallaci, Baba kan ce, "Kai, ɗauko makullin." Sai a shimfiɗa tabarma, a goge, a shafa mai, a duba silika. A nan ne ƙannena suke jin labarin kakansu, da sunayen dazuzzukan da ya yi farauta, da kalmomin Hausar da ba sa ji a titin Ajegunle. Baba ya ce ai shi bai ga bambancinsa da aikin goro ba, wanda ya ɗaure huhu ya tafi ya manta, asara zai tarar. Da Sallar da ta wuce Baffa ya zo, ya juya bindigar a hannunsa, bai ƙara tayar da maganar mayar da ita ba.

Don haka ɗan uwa, in kana da takobin gado, ko wuƙa, ko keken ɗinkin Inna a ƙarƙashin gado a garin nan, kada ka jira sai damina ta wuce. Ka ciro shi a makon nan ka duba. Wanda ke da bindiga kuma ya tabbata tana da takarda, babu komai a cikinta, kuma makulli ya yi nisa da yara. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana, amin.