Junju: ma'aikatan da ke ƙarƙashin ƙasa

Wanda ya tashi daga Gaya ya bi Dallol Mauri ya yi arewa, giginya ce za ta yi masa rakiya har Junju. Garin yana cikin jahar Doso, kusa da iyakar Nijeriya. Dā yana ƙarƙashin Gaya, amma tun 2011 ya zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Karakara da Zabori. Hausawa da Zabarmawa da Fulani ke zaune nan. A fadama ruwa ba shi da nisa, ana noman rake da rogo da dankali. A tudu kuwa sai hatsi da dawa da wake da gujiya.

Albarkar wannan ƙasa ba aikin hauya kaɗai ba ce. Akwai ma'aikatan da ba a biyan su. A fadama tana ce ke huda ƙasa, iska ta shiga. A tudu gara ke cin kara da taki, ta bar ramummuka, ruwan sama ya nutse maimakon ya gudu. Buzuzu yana binne kashin shanu. Tururuwa tana kwashe ƙwan ƙwari. Manoman Tawa sun san haka: taki suke zubawa cikin tassa, gara ta zo ta buɗe musu fako.

To, ga inda gizo ke saƙa. Fara ta yi ɓarna a ƙasashen Sahel cikin 1974, ta sake dawowa cikin 1985 da 1986. Ɗaya daga cikin dabarun yaƙinta shi ne a kwaɓa dusa da guba a watsa cikin gona. Dabarar tana da arha, kuma tana kashe ƴaƴan fara tun ba su yi fiffike ba. Amma dusa a ƙasa take faɗuwa, ba ta kuwa zaɓen mai cinta. Tururuwa na jan ta zuwa rami. Gara na cinta. Abin da ya rage ruwa ya narkar da shi cikin ƙasa, ko ya gangara da shi fadama, wajen tana. Kaji da zabi ma ba su tsira ba.

Wasu magungunan dā suna shekaru cikin ƙasa ba su mutu ba. Don haka yarjejeniyar duniya ta 2001 ta hana dieldrin, aka ƙara lindane cikin 2009. A Madagaska, inda aka fesa fipronil don fara daga 1997, masu bincike sun tarar gara ta ragu ƙwarai, ƙadangarun da ke cinta su ma suka ragu.

Akwai mafita. Cikin shekarun 1990 an gwada wani magani a Maine Sorowa, sunansa Green Muscle. Funfuna ce mai kama fara da danginta, ta ƙyale sauran.

Manoman Junju, in fara ta ɓullo, a sanar da ma'aikatan gona tun da wuri. Kada a sayi gubar kasuwa marar takarda. Kada a watsa dusa gona duka, sai inda fara ta taru, nesa da fadama da rijiya. Kada garin neman gira a rasa ido.