Allurar da ba ta ƙarya

A Amurka akwai mutanen da ke ƙera jirgin sama da hannunsu a garejin gida. Ƙungiyarsu, EAA, tun 1953 aka kafa ta, kuma duk shekara suna haɗuwa a garin Oshkosh. Wasu daga cikinsu ba sa sayen injin jirgi, sai su ciro na motar Mazda RX-7 su ɗora. Injin ne da Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro, wanda aka fara tayarwa a 1957. Ba shi da fistan. Wani ƙarfe mai kusurwa uku ne ke juyawa a cikinsa.

Na daɗe ina karanta labarinsu, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƴan siraran wayoyin da ke tsakanin inji da allon matuƙi. Wannan inji yana da zafin rai. Hayaƙinsa kan haura digiri 800, ruwa ke sanyaya jikinsa, mai ke sanyaya abin da ke juyawa a ciki. Dole matuƙi ya san zafin ruwa, zafin mai, ƙarfin tafiyar mai da zafin hayaƙi kowace daƙiƙa, domin a sama babu gefen hanya.

Ana auna zafin hayaƙi da wayoyi biyu na ƙarfe daban-daban da aka haɗa bakinsu, bisa abin da Seebeck ya gano a 1821. Wutar da suke bayarwa ƴar mitsitsiya ce: ko a digiri 800 ba ta kai kashi 4 cikin 100 na volt ɗaya ba. Idan wayar ta gaza, aka ƙara mata ta tagulla kusa da inji, allura za ta nuna abin da ba shi ne ba. Idan aka bi da ita gefen wayar buji, sai ta kwashi hayaniya. Shi ya sa masu hankali ke tattara wayoyin mas wuri guda, su kuma tsoma ma'aunin zafin ruwa cikin tafasasshen ruwa su ga abin da zai ce kafin su yarda da shi.

Ni malamin makaranta ne, kuma allurata ita ce makin da nake rubutawa da jan biro. Uba ya zo ya roƙa, ko tausayi ya kama mutum, 7 bisa 20 ta koma 11. Yaro ya wuce aji, kowa ya yi murna. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar BEPC babu mai ƙara masa komai, kuma lokacin gyara ya riga ya wuce.

Wanda ba shi da allura yana tafiya da tsoro, yana saurarar inji da kunne. Wanda allurarsa ke ƙarya kuwa hankalinsa kwance yake har injin ya tsaya. Abokan aikina, kafin mu ɗora wa yara laifi, mu fara duba wayoyinmu.